Badrum ɗin Abu Usama

Duk Bahaushen da ya zauna a Al-Ranuna, unguwar da na taɓa zama a Madina, ya san Bature mai aikin famfo, wanda ya fi son a kira shi Abu Usama. Iyayensa daga Chadi suka zo, shi kuwa a Madina aka haife shi. Hannunsa na da kyau a aiki, wannan ba a musu. Amma tun yana saurayi ba a taɓa gaya masa magana bai ce ya riga ya sani ba.

A wajajen 1996 ya haƙa ɗaki a ƙarƙashin gidan da mahaifinsa ya bar masa, irin wanda 'yan gari ke kira badrum. Bai yi masa taga ba, ya liƙe bakin ƙofa da roba, ya sa mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki. Duk baƙon da ya zo sai an saukar da shi ya sha sanyi, ya kuma sha labarin yadda aka gina. A nan Bature ke ƙailula, a nan matarsa Sabuwa ke yini a kan keken ɗinki.

Cikin masu kawo mata ɗinki akwai matar Dakta Abdulazeez, wani Bazazzagi mai koyar da kimiyya a wata kwaleji. Ranar da Dakta ya zo ɗaukar matarsa, Bature ya ja shi ƙasa don ya yaba. Dakta ya dubi tsagar da ke daɓen, ya tambayi inda iska ke fita.

"Ba ta shiga, balle ta fita," inji Bature, yana washe baki.

Dakta ya yi masa bayani a hankali. Akwai wata iska da ake kira radon, daga ƙasa take tasowa, ba ta da wari, ba ta da launi. A ɗaki rufaffe take taruwa, wanda ya yi shekara da shekaru yana shaƙarta na iya kamuwa da ciwon dajin huhu. Ya kawo wani ɗan gwangwani kamar na man shafawa, ya ce a bar shi a ɗakin 'yan watanni, sannan a aika da shi a auna.

Bature ya karɓa yana cewa ai ya san radon tun da daɗewa. Dakta na fita ya hau soro ya ajiye gwangwanin bayan tankin ruwa, don kada a ce gidan Abu Usama na da aibi. Da lokaci ya yi ya sauko da shi ya miƙa. Sakamako ya fito lafiya ƙalau, tunda iskar sararin Madina aka auna. Babu majalisar da bai je ya ba da labarin yadda boko ta ji kunya ba.

Sabuwa ce ta tona asirin, domin ita ke shanya a soron. Dakta ya aiko mata da wani gwangwanin ta hannun matarsa, ta ɗora shi a kan wata kanta a bayan tarin yaduka cikin badrum ɗin. Wannan karon awo ya nuna iskar ta wuce kima sosai.

Gyaran ba wuya, Dakta ya ce. A cike tsagar daɓe, a sa bututu daga ƙarƙashinsa zuwa soro da 'yar fanka mai zuƙo iskar, a huda taga. Aikin mai famfo ne, kuma kayan na jibge a bayan motar Bature.

"Ya shekh, khalas, ya isa haka," inji Bature. "Abin da ido bai gani ba, hanci bai ji ba, shi zai sa in fasa ginina?"

Sai dai tun daga makon nan ya daina ƙailula a ƙasa. Wai gwiwarsa ba ta son matakala. Keken ɗinkin kuwa ya ce a bar shi inda yake, ƙararsa na hana shi barci.

"Malam, kai huhu gare ka, ni kuwa buhu?" Sabuwa ta tambaye shi. Ya ce ai mata sun cika tsoro.

Ta bari sai da ya tafi aiki garin Yanbu, ta kira ƙanenta Issoufou, magini a gonakin dabino na Al-Awali. Suka fasa bango, suka yi duk yadda Dakta ya ce. Da Bature ya dawo ya yi ta faɗa har maƙwabta suka fito, ya yi kwanaki ba ya cin abincinta. Awon da aka sake yi bayan nan ya nuna iskar ta ragu ƙwarai.

Kafin shekara ta zagayo, Bature ya fara jan baƙi yana nuna musu bututun, yana cewa dabararsa ce, Dakta ma a wurinsa ya gani. Har gidajen unguwar Al-Aziziyya yake bi yana tsorata masu badrum da radon.

Sabuwa na zuwa asibiti lokaci-lokaci a duba mata ƙirji, kuma har na bar unguwar a 2008 ba a ga komai ba. Issoufou ne ke kai ta. Bature ya ce warin asibiti na sa masa ciwon kai.