Ranar da Na Ɗora Jikata a Kan Babur

Abin nan ya faru damina biyu bayan cutar da ta sa aka rufe makarantu, shekarar da mai gidana ya kwanta bai tashi ba. Ni ban yi boko ba. 'Yata ce ke rubuta muku, na kuma ce mata ta rubuta yadda na faɗa, kada ta gyara mini baki. A lokacin ni mace ce da ake jin maganarta a unguwarmu nan Zuru. Matar soja ce ni, na haifi sojoji, kuma a gidana yaro ba ya kuka sau biyu a kan abu ɗaya.

Wannan 'yar tawa aure ya kai ta wani ƙauye wajen Danko. Da kaka 'yan bindiga suka shiga garin da rana tsaka, suka kashe mijinta. Ta dawo gida da 'yarta, wadda ba ta gama famfara ba. Yarinyar da na sani da surutu ta koma shiru. Ta fara fitsarin kwance, ta ciji wata a makaranta. Da ta ji ƙarar babur sai ta shige ƙarƙashin gado, a Zuru kuwa ina za ka tsere wa babur? Uwar ta ce malamar makarantarsu ta ba da shawara a kai yarinyar wurin likitan ƙwaƙwalwa. Na ce ta rufe mini baki, a zuriyarmu ba a taɓa hauka ba, kuma ba a kaina za a fara nuna gidanmu da yatsa ba.

Mu yadda muka sani, yaron da ke tsoron abu, kai shi ake yi gaban abin. Haka aka yi mini da rafi, haka na yi wa 'ya'yana maza da duhu. Ranar kasuwa, uwar ta fita, na kira wani ɗan kabu-kabu na unguwarmu, na jawo jikata zuwa bakin babur ɗinsa. Da ya ga yadda take makyarkyata ya ce, Baba a bari mana, yarinyar nan ba ta so. Na ce masa ni na yi wa uwarsa wankan jego, ya ja babur kawai. Na sa ta tsakaninmu, na zagayo hannuna ta baya na matse ta. Ta yi ihu, ta yi ihu, can sai ta yi tsit. Na ce a raina an gama. Na sassauta hannu a kwanar kasuwa, sai kawai ta cilla kanta ƙasa. Hannu ya karye, salansar babur ta ƙone mata ƙafa. Ko kuka ba ta yi ba, idonta a buɗe tana kallona.

Da hannun ya ɗan warke, uwar ba ta ƙara neman izinina ba. Ta ɗauke ta zuwa babban asibiti a birni, ni ma na bi su a bas, raina a ɓace. Likitar mace ce. Ba allura, ba ƙwaya. Ta zauna a ƙasa kan tabarma, ta zube wa yarinyar kayan wasa, ta ce, Mama don Allah ki jira a waje. Ni, a waje! Na fita ina cewa mun ɓata tafiya. Mun yi ta komawa haka, tana yi mata wasa, wani lokaci ta kira uwar ita kaɗai.

Wata rana ta kira mu duka biyu. Ta ce yarinyar ta ɗauki 'yar tsana ta sa tsakanin wasu biyu a kan babur na roba, daga nan magana ta fito. Ashe ranar harin ba a cikin dawa ta ɓuya ba, yadda uwar ta zata. Ɗaukarta 'yan bindigar suka yi a kan babur. Ɗaya yana tuƙi, ɗaya ya riƙe ta ta baya, sai a bakin rafi suka yar da ita saboda kaya sun yi musu yawa. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Likitar ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Cewa ta yi ba hauka ba ne, firgita ce ta zauna mata, kuma tana sauka a hankali idan ba a tilasta yaro ba.

Ku tsofaffi 'yan uwana, ba kowane tsoro ne sakarci ba. Yaron da ya canza bayan tashin hankali, ku kai shi wurin masu wannan aiki kafin ku gwada dabarar gida, don ba ku san abin da idonsa ya gani ba.

Malamar makarantar da ta ba da shawarar nan ta rasu bara. Ɗan kabu-kabun yana nan, ya sayar da babur ya koma gona. Jikata tana nan, ta daina fitsarin kwance, surutu ya dawo, a kwano ɗaya muke cin tuwo. Amma har yau, in na zo wucewa ta bayanta, sai ta juyo ta fuskance ni.