Ɗinkin da Na Yi wa Hijabin Mama

Har yau idan mota ta taka birki da ƙarfi kusa da ni, sai in tsaya cak. Ban warke ba tukuna. Amma akwai abu ɗaya da na yi da hannuna a cikin wannan tsoron, shi nake so in rubuta.

Ni da Mama muke zaune a wani gidan haya a bayan titin Gate City Boulevard, a nan ƙasar Turawa. Ita tana aikin ninke zannuwan gado a wani otal, ni kuma ina gyaran kaya a shagon wanki da guga a cikin gari: rage tsawon wando, sa zif, kalmasa. A Zariya na koyi keken ɗinki bayan na gama sakandare. Bas ɗaya muke shiga, ta shida da rabi, kuma tashar tana tsallaken titi.

A garin nan duk watan Maris sai a tura agogo gaba da awa guda, a dawo da shi a Nuwamba. Mama ba ta taɓa yarda da abin ba. Takan ce, "Rana ce ta aiko musu da takarda cewa ta canja hali?" Wayoyinmu su suke canja kansu, agogon bangon ɗakinta kuwa ni nake hawa kujera in murɗa.

Ranar Juma'a mun fita shida da ashirin, gari ya soma wayewa, ana ganin fuskar mutum. Ranar Lahadi aka tura agogo. Litinin muka fita wajen shida da ashirin ɗin nan dai, amma duhu ne sosai. Mun makara da 'yan mintoci, saboda jiki bai san an canja komai ba. Mama ta hango bas daga nesa, ta ce mu tsallaka nan kawai, kada mu tafi har wurin danja. Tana gaba, sanye da baƙin hijabinta mai kaiwa har ƙasa. Ina biye.

Ƙarar birki na fara ji. Wata mota ta karkace, madubin gefenta ya kamo hijabin Mama, ya yage shi daga kafaɗa, ta faɗi a kan hannunta. Ba ta karye ba, gwiwar hannu ce ta kuje. Amma taya ta tsaya a inda na ga ƙafarta daƙiƙa ɗaya kafin nan.

Wadda ke tuƙin yarinya ce kamar ni, da kayan aikin asibiti a jikinta. Ta fito tana kuka, tana maimaita magana ɗaya da Turanci: ba ta ga kowa ba, wallahi ba ta ga kowa ba. Sai ta nuna ƙafata, ta ce takalmina kaɗai ta gani, shi ya sa ta karkatar da motar. Na duba. Takalmin gudu ne mai araha, a dugadugansa akwai ɗan layi mai ruwan toka wanda ke walƙiya idan fitila ta haske shi. Ban taɓa lura da shi ba sai ran nan.

Mama ta karkaɗe jiki, ta ce wa yarinyar ta tafi, Allah ya tsare. Har ta je aiki ranar. Ni ce na kasa zura zare a allura har azahar.

A wannan makon na ji a rediyon shago cewa 'yan majalisa suna so a yi doka a bar agogo a haka har abada, ba sauran mayar da shi baya. Abokan aikina suka yi murna, wai yamma za ta riƙa tsawo, a tashi aiki da sauran rana. Ni kuwa na ɗauki biro na yi lissafi a bayan takardar kaya. A watan Janairu rana tana fitowa wajen bakwai da rabi. Idan ba a mayar da agogo ba, sai kusan takwas da rabi ke nan. Wata da watanni Mama za ta riƙa tsallaka titin nan da baƙin hijabi, har ta kai otal gari bai waye ba. Ba ni da ƙuri'a a ƙasar nan, ban san ma wa ake kai wa kuka ba. Abin da nake da shi keke ne.

Da farko na kawo mata rigar nan ruwan ɗorawa ta masu aikin titi. Ta ɗaga ta da yatsa biyu.

"Ni da girmana? In sa wannan a kan hijabi, a ce an ɗauke ni aikin ba da hannu?"

"Mama, daga gida zuwa tasha ne kawai."

"Daga gida zuwa tasha ai nan mutane suke."

A shagonmu muna gyara wandunan ma'aikata, akwai ragowar tef ɗin nan mai walƙiya, irin na takalmina. Na roƙi mai shago, ta ba ni. Na yanka shi siriri kamar faɗin ƙaramin yatsa, na ɗauki ɗaya baƙin hijabin Mama, na bi bakin kalmasa da shi, na yi layi biyu a baya. Da rana ba ka ganin komai sai ɗan ado mai ruwan toka. Ɗinkin ya fita tsaf, ban taɓa yin layi madaidaici haka ba.

Ban ɓoye mata ba, na faɗa mata abin da yake yi. Ta juya shi, ta duba ɗinkin ciki kamar mai saye, ta ce, "Hannunki ya faɗa, autata. Amma in riƙa walƙiya kamar bayan tirela? A'a. Mace mai shekaruna ba ta jan ido. Abin da Allah ya rubuta ai ba tef zai hana ba." Ta rataye shi a bayan ƙofa. Kwana huɗu yana nan. Ta ci gaba da sa wani mai ruwan ƙasa wanda a duhu bai da bambanci da baƙin.

Kwana huɗun nan ni nake shiga gaba, ina tsallakawa ina duba dama da hagu. Rana ta biyar na iso bakin titi ƙafata ta ƙi ɗaguwa. Bas ta wuce muna kallo.

Maƙwabciyarmu ta ƙasa, muna ce mata Anti, 'yar Filato ce, tana aikin kula da tsofaffi a wani gari kusa da mu, McLeansville, kuma tana da mota. Na gaya mata abin da nake so ta yi mini. Ta yi dariya ta ce, "Ke dai kin iya shirya wa uwarki tarko. To, gobe kafin in fita."

Washegari bayan asuba Anti ta hau sama ta ce, "Hajiya, zo in rage miki hanya yau." Mama ta shiga gaba ta zauna. Anti ta juya kan motar wajen ƙarshen filin ajiye motoci, inda fitilar gini ta mutu, ta kunna fitilunta, ba ta motsa ba. Ni kuma na riga na je can na tsaya. Na sa yagaggen hijabin Mama, na cire takalmin na sa silifa baƙi.

Daga inda nake ina jin muryarsu, saboda gilashi a sauke yake.

"Me muke jira? Ina yarinyar nan?"

"Ga ta can gabanki, Hajiya."

"Ina?"

"Gabanki sak. Duba da kyau."

Sai na ji Mama ta kira ni, sau ɗaya a hankali, na biyu da wata murya da ban taɓa ji daga bakinta ba. Na ji ta buɗe ƙofar mota. Na zare yagaggen, na zura wanda na ɗinka, na juya baya.

Anti ta ce daga baya layukan sun tashi fari tas, kamar an zana mutum da alli a jikin duhu. Ni ban gani ba. Takun Mama kawai na ji. Ta iso ta kama hannuna ta matse har ya yi zafi.

"Haka yarinyar nan mai mota ta gan mu?"

"Haka ba ta gan mu ba, Mama."

Sai ta ce, "Cire ki ba ni kayana. Kuma gefe babu, in na juya gefe fa? Aiki kike yi rabi-rabi."

Anti ta leƙo ta taga. "Tirela ta shirya? Zan makara fa!"

"Ke Anti, Allah ya shirye ki," in ji Mama, tana gyara hijabin a fuskarta.

A wannan Asabar ɗin na ƙara layi a gefe biyu. Na yi wa nawa, na yi wa baƙar kwat ɗin Anti. Mata uku daga masallacinmu sun kawo nasu, ɗaya ta ce kada ya yi yawa, ɗaya ta ce a yi mata da fure. Na gwada furen, bai yi kyau ba, na farke.

Maganar dokar har yanzu ana ta ja, wani lokaci ta taso, wani lokaci ta lafa. Duk sanda na ji ta a rediyo nakan tsayar da keke in saurara. Yanzu a wurin danja muke tsallakawa ko da bas za ta wuce mu, kuma har gobe sai na riƙe gefen jakar Mama. Amma idan tana gabana, mota ta taho daga nesa, ina ganin layukan nan suna tashi tun fitila ba ta iso ba, ina jin motar ta rage gudu. Ni na ɗinka su. Mama kuwa ba ta taɓa waiwayowa ba, tafiyarta take yi kamar titin na ubanta ne.