Liƙi a gidan zane-zane

Aikin farko yau: saka tawul da kayan canji a jaka.

Ranar hutuna ce, zafi ya hana zaman ɗakinmu na unguwar Hor Al Anz, nan ƙasar Larabawa. Na kai 'yata Ummi wurin wasan ruwa, daga nan muka shiga gidan zane-zanen da ke kusa. A zauren, wani Balarabe yana kaɗa udu, mai kama da garaya. Kowa ya yi tsit.

Ina kallon wani zane, sai na waiga na ga Ummi a gaban makaɗin. Ta ciro kuɗin askirim ɗin da na ba ta, jiƙe sharkaf, ta manna masa a goshi. Kuɗin kuwa ya zauna daram.

Mai gadi ya taso. Na riga shi isa, ina jin korarmu za a yi.

"Ummi, me kika yi?"

"Liƙi, Abba. Haka aka yi wa mai kalangu a bikin Anti Hajara. Ko shi ba makaɗi ba ne?"

Da Hausa tsaf ta faɗa, yarinyar da kullum nake fargabar Turanci zai cinye mata harshe.

Da kuɗin a goshi makaɗin ya ƙarasa kiɗansa, ya ce, "Shukran, habibti," wato na gode, 'yar lele. Mai gadi ya koma mazauninsa.

Har yanzu ban san ko faɗa ya kamata in yi mata ba. Masu renon yara a waje, me za ku ce?

Gobe:
wanke tawul
kiran Hajara
askirim ɗin Ummi