Namijin Tarwaɗar da Ya Rage

A sana'ar ƙyanƙyasar tarwaɗa, mace matse cikinta ake yi, ƙwai ya fito, a mayar da ita ruwa. Namiji kuwa sai an farke shi kafin a samu farin ruwan da ake barbarar ƙwan da shi. Duk gwaji ɗaya, ran namiji ɗaya ne.

Yayana yana da maza huɗu a tankunan simintinsa da ke gefen fadamarmu a Darki. A damina guda ya yanka uku. Kowane karo sai a baza ƙwan a kan raga, washegari a tarar ya yi fari fat, ba ko ɗaya mai motsi. Ya zargi allurar da ake yi wa matan don ƙwansu ya nuna, ya sake shagon da yake sayenta. Ya zargi abinci. Daga baya ya fara yi wa maƙwabta wani irin kallo.

A lokacin ina gabatar da shirin manoma a rediyo, ina kuma noma shinkafa a gonar gado da ke sama da tankunan. Wata malamar jami'a da na gayyato ta ce maganin ciyawa ba lallai ya kashe babban kifi ba. Zai ci abinci, zai yi iyo, amma ƙwansa ya raunana, ruwan namijin ya tsinke. Na maimaita wa masu sauraro a tsanake, na rufe shiri. Sai a kan gadar Wudil, ina hanyar gida, na tuna inda nake ɗauraye injin feshina tun farkon shuka: bakin magudanar da Yaya yake jan ruwa daga cikinta.

Na yi kwana tara ban faɗa ba. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, da kifin kogi ya yi mini makaranta.

Ranar Asabar da hantsi ya aiko in zo in riƙe masa roba. Na tarar ya fito da na huɗun, wanda ya shekara biyu yana ciyarwa, ya rufe masa kai da jiƙaƙƙen tsumma. Ya ce in wannan ma bai yi ba, zai fasa tankunan ya koma kamun kifi a kogi da komarsa, duk da ciwon gwiwarsa. Ya ɓare sabuwar reza.

"Malam na rediyo, riƙe robar da kyau mana. Ashe bakin ne kawai da ƙarfi?"

"Yaya, dakata. Ruwan ne. Ni nake wanke injin feshi a magudanarka."

Bai ɗago ba. Kifin ya buga jela sau biyu a kan tebur. Ya tambayi tun yaushe, na faɗa. Ya tambayi tun yaushe na san illar, nan ma na faɗa, ban rage ko kwana ɗaya ba. Ya tambaya ko malamar ta ce kifin yana warkewa. Na ce ban tambaye ta ba.

Ya daɗe yana duban rezar, sannan ya mayar da ita cikin takardarta. Ya rungumi kifin ya nufi tanki, sai ya tsaya a bakinsa, don ruwan ciki ma na magudanar ne. Ya juyo, ya tura mini bokiti da ƙafa.

"Rijiyar masallaci. Ka yi sauri, ba zai daɗe a hannuna ba."