Shekarar da Kifin Tabkinmu Ya Taso Sama

Mahaifina ne ke ɗaure tabkin da ke gangaren unguwarmu a Filinge, kamar yadda mahaifinsa ya yi kafin shi. Ɗaurin ba wani abin tsafi ba ne. In damina ta zauna ruwa ya cika, sai ya sari sanda ya kafa a bakin gaɓa, ya ƙulla kaba a kanta, ya shafa fatiha. Daga ranar babu mai jefa fatsa, babu mai tsoma homa, sai ranar da ya kwance da hannunsa. Ranar kwancewa kullum bayan girbin hatsi take, kuma tun da wuri yake sanar da ita a kasuwa don mutanen ƙauyuka har na wajen Bonkuku su ji. Hujjarsa ita ce mu mutanen gari tabkin a bayan ɗakinmu yake, su kuwa suna gona. In aka buɗe kafin su gama aiki, za mu kwashe kifin kafin su ɗago kai.

Ni ce babbar 'yarsa mace, kuma suyar kifi nake yi a bakin tasha tun ina da ƙarfin ɗaukar kasko ni kaɗai. Mutane sun ce bakina ba shi da linzami, ban kuma taɓa musawa ba. Yawancin shekara kifin da ake kawowa daga Yamai nake soyawa, wanda ya kwana a mota har ya gaji. Lokacin su, wato kamun kifin tabki na taron jama'a, shi ne kaɗai nake samun karfasa tana motsi a hannuna, saboda haka na fi kowa sa ido a kan tabkin nan, har na fi mai ɗaure shi.

Garin ya girma ta tudu. Gidajen siminti suka yi ta tashi, kowane da makewayi na zamani da ramin masai mai marfi, kuma yayana, wanda ke da shago a kasuwa, yana cikin waɗanda suka fara ginawa. Abin da mai gini ba ya faɗa maka shi ne ramin nan cika yake yi. Motar kwasa ba kullum ake ganinta ba, in an gan ta ma ba kowa ke iya kiranta ba. Sai mutane suka samo dabara. Ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi, titi ya zama ƙorama, sai a ɗaga marfi a shiga kwasa da bokiti ana juyewa a cikin ruwan da ke gudu. Kafin a ɗauke ruwa rami ya yi sauƙi, ƙofar gida fes, babu wanda ya ga na wani don kowa na cikin nasa. Ba a ɗauke shi laifi ba. Har yabon mutum ake yi, a ce wane ba ya bari hadari ya wuce shi a banza. Ruwan kuwa ba sama yake komawa ba, gangare yake bi, kuma a ƙarshen gangaren tabkinmu ne.

Shekarar da nake magana a kai an yi ruwa sosai, an kuma yi kwasa sosai. Wajen ƙarshen damina ruwan tabkin ya yi kore shar kamar miyar kuka, da wani wari da ba na laka ba. Na san warin laka, a cikinsa na girma. Ruwa ba ya tsami banza.

Sai wata safiya mata masu zuwa wanki suka dawo da guɗa. Wai kifi ya yi yawa bana har ruwa ya kasa riƙe shi. Na ajiye tsintsiya na tafi. Gaskiya ne, fuskar tabkin duk bakunan kifi ne, sun taso sama suna buɗewa suna rufewa, manya da ƙanana, ko tsoron mutum ba sa yi. Aka yi ta barka da arziki. Wata maƙwabciyata har ta fara yi mini tsiya, wai in sayi sabon kasko don tsohon ba zai iya ba. Ni ma na yi dariya. Da rana ta ɗaga kifin ya koma ƙasa, washegari da sassafe ya sake tasowa, kuma na lura shanun da ake korowa suna sunsuna ruwan su juya.

Wani ma'aikacin gandun daji, wanda kuma shi ke duba harkar kifi a yankin, ya ji labari ya zo a kan babur. Bazabarme ne mai sanyin magana. Ya tsuguna ya ɗebi ruwan a gwangwani ya duba, sannan ya zo gidanmu ya gaida Baba har ƙasa. Ina gefe ina gyaran yakuwa, kunnena yana wurinsu.

Ya ce, “Baba, kifin nan ba yawa ne ya taso da shi ba, numfashi yake nema. Akwai iska a cikin ruwa, ita kifi ke shaƙa. Ƙazantar masai da ke gangarowa abinci ce ga wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, kuma garin cinta suke shanye iskar. Koren nan da kake gani yana ba da iska da rana, in rana ta faɗi shi ma sha yake yi. Shi ya sa da asuba abin ya fi tsanani.”

Baba ya tambaye shi abin da yake so a yi. Ya ce a kwance tabki yanzu, a kama abin da za a iya kamawa, don in aka samu kwanaki na lumshi babu rana babu iska, karfasa ba za ta kai girbi ba. Tarwaɗa ce kawai za ta jure, don ita tana iya shaƙar iskar sama.

Baba ya daɗe yana murza gemunsa. Sannan ya ce, “Yaro, na ji, na kuma gode. Amma na riga na hwaɗa ma mutane rana. Suna cikin gona, ba su san mi aka ciki ba. In na kwance yau, wa za shi ci kihin ga? Mu na gari. Su zo ranar da na ce musu su iske mun share wuri.”

Bayan mutumin ya tafi na fashe. Na ce, “Baba, in sunka zo sunka iske mushe hwa? Shi na rabon da kaka aje musu?”

Ya ce, “Kakanki bai taɓa kwance tabkin ga kahin rana ba.”

Na ce, “Kakana bai ga masai na gudu bisa titi ba.”

Ya dube ni irin kallon da yake yi mini tun ina yarinya in na zarce. Ya ce rai da ajali na Allah ne, kifi ma yana da nasa, amma alkawari na mutum ne, shi kuwa nasa zai riƙe. Na ce to a aika ƙauyukan a gaya musu su zo yanzu. Ya ce wane manomi ne zai bar hatsi tsaye, tsuntsu na ci, ya taho kamun kifi? Gaskiya ya faɗa. Haushin da na ji ranar har yanzu in na tuna sai ya dawo mini sabo, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne na kasa cewa ƙarya yake yi.

Da na rasa inda zan kai fushina sai na haura tudu wurin yayana. Na same shi a ƙofar gida yana shan shayi da abokansa, ban ko jira suka tashi ba. Na gaya masa abin da ma'aikacin ya ce, na kuma gaya masa inda kayan cikin gidansa suke kwana.

Ya ce, “Ke, wa ab bai yi ba? Garin ga dut haka aka yi. Ina kika so in kai shi, in zuba cikin ɗaki?”

Na ce, “Cikin tabkin ubanka kaka zuba shi.”

Abokansa suka sunkuyar da kai. Shi kuwa ya ce in na gama wa'azi in sha shayi, in kuma ina da motar kwasa a ɓoye in ara masa. Ya yi kunnen uwar shegu da sauran maganata. Na sauko ina huci, amma a hanya na ƙirga ƙofofin da na wuce da ido, na ga ko ya daina shi kaɗai ba abin da zai canja.

Lumshin ya zo kamar an kira shi. Sama ta rufe, ba ruwa ba rana, ganye ko motsi ba ya yi, zafi kamar a cikin tukunya. Wata safiya ba guɗa aka dawo da ita ba. Tun daga ƙofar gida wari ya tare ni. Tabkin ya yi fari fat da cikin kifi, karfasa manya irin waɗanda ban taɓa gani ba tsawon suyata, sun taru a gaɓa har sun rufe laka. Kwaɗi ma sun yi shiru. Wasu suka fara tsinta, ma'aikacin nan ya bi su yana roƙo kar su ci. Maza suka haƙa ramuka aka yi ta turawa da shebur ana binnewa, ƙudaje sun yi baƙi a kan komai. Baba yana tsaye kusa da sandarsa, ya toshe hanci da gefen rawani. Ban je kusa da shi ba, don na san abin da bakina zai faɗa, kuma ba ya bukatar ji.

Na ɗauka zai aika a ce wa mutane kar su wahalar da kansu. Ya aika aka gaya musu abin da ya faru, amma ya ce rana tana nan yadda take. Kuma suka zo, ba kamar yadda aka saba ba, amma sun zo, a kan amalanke da jakuna, da homa da gora. Suka tsaya a gaɓa suna kallon ruwan da ya koma baƙi-baƙi. Baba ya yi bismillah ya kwance kabar. A da wannan lokacin ihu ake yi a ruga, ranar kuwa babu wanda ya motsa. Can wasu samari suka naɗe wando suka shiga, suka yi ta lalube, suka fito da tarwaɗa 'yan kaɗan, baƙaƙe masu santsi, sun yi ƙiba da abin da suka ci.

A al'adar su, kifin farko na mai ɗaure tabki ne. Wani dattijo daga wajen Bonkuku, sa'an Baba, ya zaɓi babbar ya riƙo ta da hannu biyu ya kawo. Na ga yana jinkiri, kamar yana so a ce masa ya bari. Ya ce, “Malam, ka cika alkawali. Ga rabonka.” Baba ya karɓa ya yi godiya.

A gida ya miƙo mini ita. Na ce, “Baba, ka san cikin mi tat tashi. Bari in binne ta.”

Ya ce, “Dahwa min.”

Na wanke ta da toka, na wanke da lemun tsami, na sake wankewa, na zuba mata yaji da tafarnuwa fiye da kima, amma hancina bai daina jin tabkin a jikinta ba. Na kai masa a akushi ina kuka, ni da ban cika kuka ba. Jikokinsa suka taho da gudu kamar kullum, don bai taɓa cin kifin farko shi kaɗai ba, kowane sai ya sa masa a baki. Ya ɗaga hannu ya tsayar da su tun daga nesa.

Ya ce mini, “Jaye yaran ga. Wanga nawa na.”

Na kwashe su na kai ɗaki suna tambayata laifin da suka yi. Ta ƙofa ina hango shi a kan buzunsa, ya juya mana baya, yana ci a hankali har ya cinye.