Ƙaryar da Na Yi a Dimbokro

Shekara goma sha ɗaya ina rako shanu zuwa Abijan, ban taɓa shan wuya irin ta wannan zuwan ba. Ba jirgi ya gajiyar da ni ba, mutum ne.

Buwake

Ƙarfe biyar na asuba muka gama cusa shanu a wago, wato taragon jirgin ƙasa, jirgi bai motsa ba sai bakwai da rabi. A nan ya same ni, da kwat da littafi. Da Julanci ya ce sunansa Bakari, ɗan fataken goro ne, ya yi karatu a Dakar, ya ƙara a Faransa, ya koyar, yanzu yana aiki a biro, wato ofishin masu tsara arzikin ƙasa.

"Baba, shanunka nawa?"

"Na Allah ne."

Ya yi dariya, ya rubuta. Wanda ke rubuta har wannan, ai jangali yake nema.

Dimbokro

Mun iso ƙarfe ɗaya, rana tsaka, muka tsaya awa uku. Ya baro wagon fasinja ya kawo mini ayaba gasasshiya. Ban ci ba. Ya ce ƙasa ba ta ƙoshi da koko da kofi kaɗai, naman da saniya ke zubarwa a hanya ma arzikin ƙasa ne. Wai talaka ya san maganin abinsa, tambayarsa ce ba a yi.

"Ƙishirwa tana kashe muku dabbobi a nan?"

Na ce a raina, yau kwamin ruwa, gobe mai karɓar kuɗin ruwa, jibi mai ƙirga kai.

"Ina! Namu kamar raƙuma suke."

Ya rubuta.

Agbobil

Ƙarfe shida jan bijimina ya durƙusa, harshe waje. Na yanka shi kafin ya zama mushe, na rufa masa buhu. Mai kwat ya leƙo, na tare ƙofa na ce lafiya lau. A gar, tashar jirgin, muka kwana.

Ajame

Hantsi muka shigo. Zai sauka, ya kama hannuna bibbiyu.

"Na gode, Baba. Da na rubuta a gina kwami a Dimbokro, amma kai ne na tara da ya ce ba bukata. Jibi zan miƙa takarda, sai a kai simintin wani wuri."

Na ce to.

Tireshbil

Na sauke shanu, na tafi gidan maigidana Alhaji Sani, dillali. Aka kawo tuwon masara, na kasa ci. Da na ba shi labari sai ya ajiye buta.

"Kai, Garba! Ku tara, ƙarya ɗaya? Ko a masallaci ba ku haɗa sahu haka."

"Alhaji, mai littafi ne fa."

"To wa ya kashe bijimin, littafi ko ƙishirwa?"



Washegari da na idar da salla na naɗe fatar bijimin, na haye gada a ƙasa zuwa Filato, unguwar ofisoshi. Mai gadin biron su Bakari ya toshe hanci ya hana ni shiga, na zauna bakin ƙofa har Bakari ya iso. Na shimfiɗa masa ita a kan matakala, na ce ga raƙumin, ya gyara takardarsa. Ya zaro alƙalami ya sake tambayar yawan shanuna. Na ce na Allah ne.