Abin da Mama Ta Yi Wa Azumi

Mama da Maman 'Yan Biyu tare suka baro ƙauye a wajen Zungur, tare suka yi shekaru suna gasa masara a bakin barikin Shadawanka, kwano ɗaya suke ci. Sai Allah ya ɗaga 'yan biyun. Mu kuwa 'ya'yan Mama, ni malamar firamare, yayana direban keke, ga mu nan dai, muna numfashi.

Firiza aka fara saya wa Maman 'Yan Biyu, sai tayil, daga baya mota sukutum da direba. Kowace Lahadi tana gaban ikilisiya tana ba da shaida, kai ka ce ita kaɗai Ubangiji ya san gidanta a unguwar Ɗan Iya. Amin ɗin Mama ta yi ta ƙanƙancewa har ta koma motsin leɓe. Ta daina zuwa gidan ƙawarta. In an aiko mana da abinci, ta ce gishiri ya yi yawa, tun kafin ta buɗe kwanon. Abin ya dame ni ƙwarai, don zumuncin da ya girme ni yana mutuwa a gabana saboda firiza.

Ana nan sai fasto ya yi wa'azi a kan wadar zuci, ya ce wanda ya same ta ya fi mai gidan sama. To, Mama da girmanta ta koyi Hausa. Ta ji "wadar", ta ce wadata ke nan, ta ji "zuci", ta ce ai duk abin da zuciya ke so. Ta dawo gida fuska wasai.

"Daga yau shi zan roƙa," in ji ta. "Ashe akwai wanda ya fi mota."

Na buɗe baki, na rufe. Wa ya aike ni?

Ta kama azumin Laraba ba fashi. Kuma da yake ta tabbata nata na kan hanya, sai ta fara tausaya wa ƙawarta da 'yar motarta guda ɗaya tilo. Ta koma gaishe ta. Ta fara shiga motar, wai tana koyon zama kafin tata ta iso. Suka koma cin kwano ɗaya, gishirin ma ya daidaita da kansa. In Maman 'Yan Biyu ta fita shaida, Mama ce kan gaba da rawa da guɗa, har ta manta ta tambayi abin da aka saya.

Wata ranar taron zumuntar mata, ina zaune a bayanta, Mama ta miƙe ta ce a taya ta addu'a, wadar zucinta ya daɗe a hanya, ko taya ɗaya ba ta gani ba. Matar fasto ta yi mata bayani a hankali: wadar zuci ita ce ka gamsu da abin da ke hannunka.

Mama ta tsaya kamar an watsa mata ruwan sanyi.

"Wato duk yunwan nan da na sha, haƙuri nake roƙo?"

Ta juyo ta harare ni. "Ke kuma malama, da dukan karatunki?"

Har Asabar ba ta yi wa kowa magana ba. Na tsorata, na ce shi ke nan, mun koma gidan jiya.

Lahadi da safe mota ta yi hon a ƙofar gida. Mama na zaune a tabarma, ba ta motsa ba. Maman 'Yan Biyu ta leƙo ta taga.

"'Yar'uwa, yau ba za ki sujada ba ne?"

Mama ta ja tsaki, ta ɗauki ɗankwalinta, ta ɗaura shi a tsanake.

"Ba shi na so ba," ta ce mini. "Amma tunda an riga an ba ni, wa zan mayar wa?"

Ta fita, ta buɗe ƙofar motar, ta ce wa ƙawarta ta matsa mata ta zauna.